BABI NA UKU: Bankunan Ƙasar Aisland da Hukumomin Sa Ido a Kansu

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda harkar banki ta bunƙasa a ƙasar Aisland, da yadda ta rushe cikin kwana uku a watan Oktoba na 2008. Za a fi mayar da hankali ga hukumomin da aka ɗora wa alhakin sa ido, domin a gano ko rashin doka ne ya jawo abin da ya faru, ko kuwa rashin aiki da ita.

3.1 Asalin Bankunan

Aisland tsibiri ne a arewacin Tekun Atlantika, wanda mutanensa ba su wuce 320,000 ba a 2008, kuma an daɗe kamun kifi ne ginshiƙin arzikinsu. Bankin Landsbanki ya fara aiki a 1886, Babban Bankin ƙasar kuwa sai a 1961 aka kafa shi. Har zuwa shekarun 1990 manyan bankunan na gwamnati ne, harkarsu kuma ba ta cika tsallake teku ba.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali. A 1994 ƙasar ta shiga yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Turai, wadda ta ba bankunanta damar buɗe rassa a ƙasashen yankin. Sa'annan daga 1998 zuwa 2003 gwamnatin Firayim Minista David Oddsson ta sayar da bankunanta ga 'yan kasuwa. Da farko an yi niyyar a rarraba hannayen jarin ga mutane da dama, amma daga bisani sai aka damƙa kaso mafi tsoka ga ƙananan rukunoni waɗanda ba su da gogewa a harkar manyan bankuna. A haka aka sami bankuna uku da suka mamaye fagen: Kaupthing da Landsbanki da wanda aka sa wa suna Glitnir a 2006.

3.2 Bunƙasa da Raunin Sa Ido

Cikin shekara bakwai bankunan nan uku suka ninka girmansu sau ashirin. Kafin ƙarshen 2008 kadarorinsu sun kai kusan ninki goma na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Yawancin kuɗin rance ne daga kasuwannin waje, kuma da kuɗin ƙasashen waje. A nan matsalar take. Babban banki shi ne mafakar ƙarshe ta bankuna idan masu bin su bashi suka taso, to amma na Aisland kuɗin kurona kaɗai yake iya bugawa, alhali bashin Yuro ne da Fam da Dala, abin da ya tanada na kuɗin waje kuma bai taka kara ya karya ba.

Aikin sa ido an raba shi gida biyu. A 1999 aka kafa Hukumar Sa Ido kan Harkokin Kuɗi, wato FME, aka cire sashen binciken bankuna daga Babban Banki aka mayar mata. Ke nan ita ke duban kowane banki shi kaɗai, Babban Banki kuma yana duban lafiyar tsarin gaba ɗaya. Hukumar ba ta girma daidai da bankunan ba. Ma'aikatanta kaɗan ne, ƙwararru daga cikinsu kuma bankunan kan ɗauke su da albashi mai tsoka. Ko a watan Agusta na 2008 sai da ta sanar cewa bankunan sun ci gwajin juriya da ta yi musu.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. A farkon 2006 masu auna ƙarfin biyan bashi da wani bankin Denmak sun nuna damuwa, kurona ta faɗi, rance ya yi wuya. Maimakon bankunan su rage jiki, sai suka sauya inda suke samo kuɗi. A watan Oktoba na 2006 Landsbanki ya buɗe asusun ajiya ta intanet mai suna Icesave a Birtaniya, yana biyan ruwa mai yawa, ya kuma kai shi Holan a watan Mayu na 2008. Abin lura shi ne an buɗe shi a matsayin reshe, ba kamfanin da aka yi wa rajista a can ba, saboda haka nauyin inshorar ajiyar yana kan ɗan ƙaramin asusun Aisland. Masu ajiya a Birtaniya kaɗai sun kai kimanin 300,000, kusan yawan mutanen tsibirin baki ɗaya.

3.3 Rushewa

Bayan faɗuwar bankin Lehman Brothers na Amurka a ranar 15 ga Satumba, 2008, kasuwar rance ta ƙafe. Ranar 29 ga wata gwamnati ta ce za ta karɓi kashi 75 cikin ɗari na Glitnir a kan Yuro miliyan 600, matakin da ya ƙara tsorata masu ba da rance. Ranar 6 ga Oktoba majalisa ta zartar da dokar gaggawa, wadda ta ba FME ikon ƙwace bankuna, ta kuma sa masu ajiya gaba da sauran masu bin bashi. Landsbanki da Glitnir suka faɗa hannun hukumar ranar 7, Kaupthing ranar 9. A tsakani Birtaniya ta yi amfani da dokarta ta yaƙi da ta'addanci ta 2001 ta riƙe kadarorin Landsbanki, abin da ya ƙona ran mutanen Aisland ƙwarai. A watan Nuwamba ƙasar ta karɓi rancen Dala biliyan 2.1 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta kuma taƙaita fitar da kuɗi waje, takunkumin da sai a 2017 aka ɗage mafi yawansa.

3.4 Abin da Bincike ya Gano

Kwamitin bincike na majalisa ya fitar da rahotonsa a watan Afrilu na 2010. Ya gano cewa manyan masu bankunan su ne kuma manyan masu cin bashinsu, kuma bankunan sun riƙa ba da rance don a sayi hannayen jarinsu na kansu, wato jarin da ake taƙama da shi rabinsa iska ne. Dokar da ta iyakance abin da banki zai ranta wa mutum ɗaya da makusantansa tana nan, amma bankunan ne ke fassara wanda ake kira makusanci, FME kuma ba ta cika ja da su ba. Rahoton ya kama ministoci uku da gwamnonin Babban Banki uku da shugaban FME da laifin sakaci. Wannan ya fi nuna rashin ƙarfin hali a wajen masu sa ido bisa ga rashin doka.

An ɗaure wasu shugabannin bankunan. A 2015 Kotun Ƙoli ta yanke wa tsohon shugaban Kaupthing, Hreidar Mar Sigurdsson, shekara biyar da rabi. Game da Icesave, jama'a sun ƙi amincewa da yarjejeniyar biyan Birtaniya da Holan a ƙuri'ar raba gardama ta 2010 da ta 2011, kotun ƙungiyar EFTA kuma ta ba Aisland gaskiya a watan Janairu na 2013. Daga kadarorin tsohon Landsbanki aka biya bashin ajiyar. A ranar 1 ga Janairu, 2020, aka haɗe FME da Babban Banki, aikin sa ido ya koma inda aka ciro shi shekara ashirin da ɗaya kafin nan.