Ina Mata da 'Ya'yan Makiyaya a Aikin Likitan Dabbobi?

Wani mai sauraronmu, dillalin shanu a karar Illela, ya aiko da takarda yana cewa tun yana yaro bai taɓa ganin mace likitar dabbobi ba, kuma da wuya ka ga ɗan Fulanin ruga a wannan aiki. Wai me ya jawo haka?

To malam, abin ya samo asali ne tun daga tushe. Wajen shekarar 1890 ciwon bushiya ya ratsa ƙasar nan ya share garkunan Fulani. Da Turawa suka zo, shanu ne a ransu, don jangali da fatu. A 1924 suka kafa wurin haɗa allurar dabbobi a Vom, kusa da Jos. Bature ne likita, namu kuwa masu riƙe saniya da yin allura. Sai a shekarun 1960 aka fara koyar da cikakkun likitoci a jami'o'in Ibadan da Zariya, ta Sakkwato ta biyo baya a shekarun 1980.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙofar shiga ita ce sakandare da darussan kimiyya. Yaron da ya san saniya tun daga kofato har ƙaho yana can bayan garke, wataƙila ma ya ƙetara Kwanni neman ciyawa. Hukumar ilmin makiyaya sai a 1989 aka kafa ta. Ita kuwa yarinya, kafin ta ƙare aji uku an kawo goro.

Ni dai na matan ya fi damuna. Ku dubi gidajenmu: jar akuyar Sakkwato da ake alfahari da fatarta har Turai, da tumaki, da kaji, na wa ne? Yawanci na mata ne, su ne jarinsu na kayan ɗakin ɗiya. Amma malamin dabbobi namiji iyakarsa zaure. Sai a aiko yaro ya ce akuya ba ta cin dusa, a ba shi magani bisa ƙiyasi, ba a ga majiyyaciya ba.

An kawar da bushiya daga duniya a 2011. Annobar awaki da masassarar kaji kuwa suna nan, kuma cikin gida suke ɓarna. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na ɗaukar mata a wannan fanni, karatun shekara 6 ne.