Kamun kifin tirawut a Tafkin Sufiriya

Tafkin Sufiriya yana kan iyakar Kanada da Amurka, a arewacin nahiyar Amurka. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato kusan ninki biyu na jahar Maraɗi. A cikin tafkunan ruwan daɗi na duniya babu wanda ya kai shi faɗi. Wurin da ya fi zurfi ya kai mita 406. Ruwansa sanyi ƙalau ne rani da damina, kuma a cikinsa ne kifin da ake kira tirawut na tafki yake rayuwa.

Kamannin kifin da halinsa

Jikin tirawut duhu-duhu ne, da ɗigo-ɗigon fari. Yana son ruwan da zafinsa bai wuce digiri 10 ba, don haka idan saman tafki ya yi ɗumi sai ya sauka can ƙasa. Abincinsa ƙananan kifaye ne. Yana girma ƙwarai: a 1961 an kama wani mai nauyin kilo 46 a Tafkin Atabaska na Kanada.

Amma girman nasa a hankali yake zuwa. Sai ya kai shekara 6 ko 7, wani lokaci fiye, kafin ya fara ƙwai. Macen tana zuba ƙwanta wajajen watan Oktoba a kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa. Ƙwan yana faɗawa tsakanin duwatsun, ya yi watanni kafin ya ƙyanƙyashe. Wanda ya kama kifi ɗan shekara 4, ya kama shi tun bai bar baya ba.

Yadda ake kama shi

Mutanen Ojibuwe, ƴan asalin yankin, sun daɗe suna kamun wannan kifi tun kafin zuwan Turawa. Masuntan da ke sayarwa suna kafa raga a cikin zurfi, kifi ya zo wucewa ya maƙale. Masu fatsa suna jan ƙugiya a bayan kwalekwale mai inji, da nauyin da zai kai ta ƙasa. A lokacin tsananin sanyi ruwan bakin tafki yana daskarewa har mutum ya taka. Sai a huda rami a cikin ƙanƙarar, a zura fatsa.

Yadda kifin ya kusa ƙarewa

Daga 1920 zuwa 1950, masuntan Sufiriya suna kama kusan kilo miliyan 2 na tirawut kowace shekara. A 1964 abin da aka samu bai kai kilo 100,000 ba. Abu biyu ne suka jawo haka.

Na farko shi ne yawan kamu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ragar nailan ta shigo. Ta fi ta zare kama kifi, kuma ba ta saurin ruɓewa.

Na biyu wata halitta ce ta teku mai suna lamfiri. Doguwa ce kamar maciji, bakinta zagaye yake cike da haƙora. Tana manne wa kifi kamar matsattsaku, ta huda fatarsa, ta tsotse jininsa. Lamfiri ɗaya tana iya kashe kifin da ya kai kilo 18 a rayuwarta. Da can gangaren ruwan Nayagara ya tare mata hanya. Da mutane suka haƙa mashigin Welan domin jiragen ruwa su kewaye gangaren, ita ma sai ta bi ta nan. An gan ta a Sufiriya a 1938. Iyalai da yawa da suka gaji su kaka da kakanni sun rasa sana'arsu.

Yadda aka farfaɗo da shi

Ƙasa ɗaya ba ta iya gyara ruwan da ƙasa biyu suke sha. A 1955 Kanada da Amurka suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da kifin Manyan Tafkuna. An ɗauki waɗannan matakai:

1. Tun 1958 ake zuba wani magani a ƙoramun da lamfiri take haihuwa, yana kashe ƴaƴanta tun suna ƙanana. Yawanta ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.
2. A 1962 an dakatar da yawancin kamun tirawut na sayarwa.
3. An yi ta kiwon ƙananan kifaye ana sakinsu cikin tafkin.
4. An keɓe wasu wuraren zuba ƙwai, aka hana su a cikinsu.

A tsakiyar shekarun 1990 kifin ya koma haihuwa da kansa sosai, har aka daina sakin na kiwo a yawancin tafkin. A 2024 hukumomin da ke kula da tafkin suka bayyana cewa tirawut ya farfaɗo a mafi yawan sassansa. Har yanzu ana kama shi, amma da takardar izini, kuma an ƙayyade yawan da za a kama da lokacin kamun.

Abin lura

A cikin shekara 15 kifin ya kusa ƙarewa, amma dawo da shi ya ci shekara 60. Kifinmu na Tafkin Madarunfa da Tafkin Cadi ya fi tirawut saurin girma, amma shi ma sai an bar shi ya yi ƙwai sannan zai yawaita. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe uwa da ƴaƴa gaba ɗaya. Baƙon kifi kuwa, kada a zuba shi cikin tafki sai an shawarci ma'aikatan ruwa da daji, domin idan ya shiga fitar da shi yana da wuya.