TASO ta Yuganda: Hanyar da Majinyata Suka Share Kafin Magani Ya Iso

Idan ana ba da tarihin yaƙi da cutar ƙanjamau a Afirka, yawanci labarin magani ake bayarwa: shekarar da aka haɗa shi, shekarar da farashinsa ya karye, shekarar da Amurka ta buɗe bakin aljihu. Ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar kuwa sai a ajiye su gefe, a ce ai masu lallashi ne da share hawaye. Tarihin ƙungiyar TASO ta ƙasar Yuganda ya nuna cewa wannan lissafi bai cika ba. Shekara 17 ƙungiyar ta yi tana aiki kafin ta fara raba maganin rage kaifin cutar, kuma abin da ta gina a waɗannan shekaru shi ne ya sa maganin, da ya iso, ya sami hanyar shiga gidajen masu buƙatarsa.

Tun wajen 1982 aka fara ganin cutar a gundumar Rakai, a gaɓar Tafkin Biktoriya kusa da iyakar Tanzaniya, inda masunta da 'yan kasuwa suka riƙa ramewa suna mutuwa ba a san dalili ba. Ƙasar tana cikin yaƙi a lokacin, asibitoci sun lalace. A 1986, shekarar da Yoweri Museveni ya karɓi mulki, aka gano cutar a jikin Christopher Kaleeba, wani ma'aikacin ɗaukar hoton ƙashi da ya tafi ƙaro karatu birnin Hull na Ingila. Matarsa Noerine, shugabar makarantar koyon gashin ƙashi ta asibitin Mulago da ke Kamfala, ta dawo da shi gida, ya rasu a watan Janairun 1987. Ta sha bayyana cewa abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yadda ma'aikatan lafiya, abokan aikinta, suka riƙa ja da baya daga gadon mijinta. A wannan shekarar ita da wasu mutum 15, har da likita Elly Katabira wanda ya buɗe sashen duba masu cutar a Mulago, suka fara haɗuwa suna tattaunawa, suna addu'a, suna kai wa juna ziyara. Mafi yawansu suna ɗauke da cutar, kuma ita ce ta zama ajalinsu. Daga wannan zama TASO ta fito.

Aikin da suka fara da shi bai da wani ƙyale-ƙyale. Mai ba da shawara zai zauna da wanda aka faɗa wa sakamakon gwaji, ya saurare shi har ya huce, sannan su yi maganar wa zai fara faɗa wa a gida, kuma ta yaya. A bi shi gida, a nuna wa uwa ko mata cewa cin abinci a kwano ɗaya ba ya yaɗa cutar, a koya musu yadda ake juya majinyacin da ya kwanta don kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta taso. A yi maganin tarin fuka da ƙurajen baki, a kawo sabulu da ɗan abinci. A taimaka wa magidanci ya rubuta wasiyya tun yana da ƙarfi, domin dangi kan kwashe gona da kayan ɗaki su bar gwauruwa da marayu hannu rabbana. Manufar ƙungiyar ita ce mai cutar ya ci gaba da rayuwa da mutuncinsa, idan kuma ajali ya zo ya mutu da mutuncinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa majinyatan kansu suka zama masu koyarwa, suna zagaya makarantu da kasuwanni da waƙe-waƙe da wasan kwaikwayo, suna faɗin halin da suke ciki a bainar jama'a.

Suka ta farko da ake yi wa TASO tana da nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa duk wannan bai hana mutuwa ba, domin har zuwa ƙarshen shekarun 1990 mambobin TASO binne juna suke yi. Gaskiya ne. Maganin da aka fito da shi a 1996 yana cin sama da dala 10,000 a shekara a wancan lokacin, kuɗin da talakan Masaka ko Mbarara bai taɓa mafarkin gani ba. To amma a duba abin da ke kai mutum gwaji. Wanda ya san cewa sakamakon ba zai jawo masa komai ba sai kora daga gida da aiki ba zai miƙa hannu a ɗebi jininsa ba. Da aka buɗe cibiyar gwaji ta AIC a Kamfala a 1990, akwai inda za a tura wanda aka samu da cutar, ya tarar da irinsa suna raye suna neman abincinsu. Haka kuma a cikin mambobin TASO na Tororo aka yi binciken da aka wallafa a 2004, wanda ya nuna cewa shan maganin Septrin kullum, magani mai araha da ke kowane kemis, ya rage mace-macen masu cutar da kusan rabi. Ba a iya yin irin wannan bincike sai da mutanen da aka san gidajensu, suka kuma yarda a ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Babbar shaida ta zo ne lokacin da farashi ya faɗi. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da maganin a kan dala 350 a shekara, amma a wannan shekarar shugaban hukumar USAID ta Amurka, Andrew Natsios, ya nuna shakka, yana cewa 'yan Afirka da yawa ba su san agogo ba, balle su sha magani a kan lokaci. Da kuɗin shirin PEPFAR na Amurka suka fara zuwa, TASO ta soma raba magani a 2004, kuma ta amsa wannan shakka a aikace. A cibiyarta ta Jinja an raba majinyata sama da 1,400 gida biyu: wasu suna zuwa asibiti karɓar magani, wasu kuma ma'aikatan da ba likitoci ba ne suke hawa babur su kai musu har gida duk wata, su ƙirga ƙwayoyin da suka rage, su tambayi lafiyar jiki. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna cewa na gida ba su gaza na asibiti ba, ko wajen danne ƙwayar cutar ko wajen tsira da rai, ga shi kuma sun huta da kuɗin mota. A ƙasar da likitoci ba su isa ba, wannan shi ne bambancin magani a ajiye cikin sito da magani a cikin jini.

Wasu kuma suna cewa gwamnati ce ta yi aikin, tunda Museveni ya yi magana a fili tun da wuri, ya kafa hukumar yaƙi da cutar a 1992. Wannan ma ba a musa shi, kuma ba TASO kaɗai ta tsaya ba. Mawaƙi Philly Lutaaya ya bayyana cewa yana da cutar a 1989, limamin coci Gideon Byamugisha ya yi haka a 1992, ƙungiyar likitoci Musulmi ta ƙasar ta horar da limamai su kai saƙon cikin masallatai da gidaje. Sai dai jawabin shugaba a rediyo ba ya zama da matar da mijinta ya kore ta, ba ya tuna wa matashi cewa lokacin shan magani ya yi. Gwamnati ta buɗe fili, amma waɗanda cutar ta shafa ne suka yi aikin gida-gida.

Sukar da ta fi kama jiki ita ce ta dogaro da kuɗin waje. TASO ta girma har ta kai cibiyoyi 11 a faɗin ƙasar, kuma mafi yawan kuɗinta daga masu ba da tallafi na ƙetare yake fitowa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, ayyukan cikin al'umma irin su bibiyar majinyata da wayar da kai suna cikin waɗanda suka fara tsayawa a ƙasashe da dama, har da Nijeriya. Amma laifin wannan rauni yana wuyan gwamnatocin da suka bar wa baƙi ɗawainiyar, suka ɗauki mai ba da shawara da mai kai magani a babur a matsayin ɗan sa-kai da za a iya sallama idan aljihu ya yi sanyi. Duk ma'aikatar lafiyar da za ta ware kuɗin sayen magani ta manta da albashin waɗannan mutane, rabin aikin ta biya.