Yadda Aka Gano Zafi Yana Kashe Ƙwayoyin Cuta a Abinci

Nicolas Appert mai sana'ar alewa ne a Faransa. Shekara da shekaru ya yi yana ɗura miya da nama da ganye a kwalba, ya toshe bakinta tam, ya saka ta cikin tafasasshen ruwa. Bayan watanni idan an buɗe, sai a tarar abincin lafiya lau. A 1810 gwamnatin Faransa, wadda ciyar da sojoji a hanya ya dame ta, ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya wallafa dabarar. A shekarar ne kuma Peter Durand ya yi rajistar gwangwani a Ingila.

Appert ya rasu bai san abin da wutar take kashewa ba. Sai a shekarun 1860 Louis Pasteur, da yake binciken abin da ke sa giyar inabi tsami, ya nuna cewa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma ɗumama giyar zuwa digiri 50 ko 60 ya isa ya gama da su. Daga nan aka fara auna zafi da lokaci, aka rage dogaro da sa'a.

A wajen madara ne abin ya fi taɓa ni. A manyan biranen Amurka na ƙarshen ƙarni na 19, daga nesa ake kawo ta cikin zafin rana, ta iso ɗauke da tarin fuka da taifot da gudawa, jarirai su yi ta mutuwa duk bazara. A 1886 Franz von Soxhlet, masanin sinadarai a Jamus, ya ba da shawarar a riƙa dafa madarar jarirai a cikin kwalabensu. A 1893 wani attajirin New York, Nathan Straus, ya buɗe rumfunan sayar wa talakawa dafaffiyar madara da araha. An yi ta ja da shi: wasu suka ce wuta tana kashe amfanin madara, wasu suka ce rufa wa ƙazaman masu shanu asiri ne. Duk da haka Chicago ta kafa dokar dafa madara a 1908, sauran birane suka bi. Yau masana'antu sukan kai madara digiri 72 na daƙiƙa 15. Matan Fulani da ke tafasa madara kafin su zuba tsohon nono su yi kindirmo, wannan kariyar suke samu.

Gwangwani ya fi wuya. Ƙwayar botulinum takan naɗe kanta cikin ɓawo mai tauri, ta sha tafasa ta tsira, sannan ta zubar da dafi inda babu iska. Dole aka koma tukunyar matsin tururi, wadda ke kai zafi digiri 121, kuma da ita ake dafa kifin gwangwani har yau.