Aikin sa-kai na dogon zango a ƙasar Hausa

Aikin sa-kai na dogon zango shi ne mutum ya bar ƙasarsa ya je wata ƙasa ya zauna shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci ma fiye, yana koyarwa ko aikin lafiya ko noma ko raya karkara, ba tare da cikakken albashi ba. Abin da ake ba shi alawus ne na ci da sha, da wurin kwana, da kuɗin jirgi na zuwa da komawa. Ya bambanta da ziyarar makonni kaɗan da wasu matasa ke yi su haɗa taimako da yawon buɗe ido. Ya kuma bambanta da aikin kwantiragi, irin wanda malamai 'yan Indiya da Pakistan da Masar suka yi a makarantun Arewa a shekarun 1970 da 1980, domin su ma'aikata ne da gwamnati ta ɗauka tana biyan su albashi.

Ƙasar Hausa, daga arewacin Najeriya har kudancin Nijar, ta karɓi irin waɗannan baƙi tun daga ƙarshen zamanin mulkin mallaka. Daga shekarar 1987 kuma Najeriya ta fara tura nata 'yan sa-kan zuwa wasu ƙasashe.

Asali

Yin aiki don jama'a ba tare da jiran lada a hannu ba tsohon abu ne a wurin Hausawa. Akwai aikin gayya a gona da gyaran hanya da yaɓen masallaci. A fagen ilimi kuwa misalin da ya fi fice shi ne na 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta kafa, inda take naɗa dattijan mata da ake kira jaji, ta ba su malfa, su riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar waƙoƙi. Asma'u ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Gwandu, lokacin da Shehu ya zauna a garin kafin ya koma Sifawa. Sai dai wannan duk aiki ne na cikin gida. Tsarin da hukuma ke ɗaukar matashi ta horar da shi ta tura shi wata nahiya ya samo asali ne daga Turai da Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1958 Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a Ingila. Dickson ya san yankin nan tun kafin haka, domin shi ya assasa cibiyar horar da matasa ta Man O' War Bay a kudancin Kamaru, wanda a lokacin ake mulkinsa tare da Najeriya. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓi 'yan VSO na farko. A ranar 1 ga Maris 1961 shugaban Amurka John F. Kennedy ya kafa Peace Corps, ya naɗa Sargent Shriver shugabanta. A wannan shekarar Kanada ta samu CUSO, Faransa da Jamus ta Yamma suka bi sahu a 1963, Japan a 1965, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata shirin, UNV, a 1970.

A arewacin Najeriya

Abin da ya buɗe wa 'yan sa-kai ƙofa a Arewa shi ne ƙarancin malamai. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya nuna cewa ƙasar ba ta da isassun ƙwararrun malaman da za su riƙe makarantun sakandare da ake shirin ƙarawa, kuma giɓin ya fi faɗi a Jihar Arewa. Ga shi kuma gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello tana bin manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati: idan babu ɗan Arewa da ya cancanta, ta fi son ɗaukar baƙo na ɗan lokaci a kan ba ɗan Kudu kujerar dindindin. Ɗan sa-kai da zai yi shekara biyu ya tafi ya dace da wannan lissafi, don yana riƙe wa ɗan gida wuri ne kafin ya kammala karatu. Da haka aka rarraba su a makarantun sakandare na larduna da kwalejojin horar da malamai, suna koyar da Ingilishi da lissafi da kimiyya.

Farkon zuwan Peace Corps bai zo da daɗi ba. A watan Oktoba na 1961 wata 'yar sa-kai mai suna Margery Michelmore, da ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta katin gaisuwa tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga ana kiran baƙin 'yan leƙen asiri. Ita dai ta bar ƙasar, shirin kuma ya ci gaba, har Najeriya ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan 'yan Peace Corps a tsakiyar shekarun 1960.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya lagon shirin. An kwashe waɗanda ke yankin Gabas, adadinsu a sauran ƙasar ya yi ta raguwa, aka rufe shirin a 1976. An sake buɗe shi a 1992, aka kuma rufewa a 1995 a zamanin Janar Sani Abacha. VSO da CUSO sun fi daɗewa, kuma sannu a hankali suka daina turo matasan da suka gama makaranta kwanan nan, suka koma turo masu gogewa da za su horar da malaman gida maimakon su riƙe aji da kansu.

A kudancin Nijar

A Nijar abin ya fi tsawo, ya kuma fi shiga karkara. Peace Corps ta fara aiki a can a 1962 da 'yan malaman Ingilishi kaɗan, ta ci gaba ba yankewa har 2011, kuma fiye da mutum 3,000 suka yi aiki a ƙasar. Tsarin shi ne wata uku na horo, sai shekara biyu a wurin aiki. A shekarun ƙarshe na shirin an riƙa yin horon a Hamdallaye kusa da Yamai, inda kowane baƙo ke zama a gidan wani magidanci yana koyon Hausa ko Zabarmanci. Daga nan a kai shi ƙauye shi kaɗai, a yankunan Dosso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ya zauna a ɗakin ƙasa, ya sha ruwan rijiya, mutanen gari su raɗa masa suna irin nasu. Yankin Dosso shi ne ke iyaka da Jihar Kebbi ta wajen Kamba da Kangiwa.

Ayyukansu sun haɗa da yaƙi da jahilci, awon jarirai da koyar da haɗa kunun yara, gina rijiyoyin siminti, lambunan rani da dashen itatuwa. Wanda aka fi ambata shi ne na kwarin Majiya a yankin Buza cikin jihar Tawa. Bayan farin farkon shekarun 1970, wani jami'in gandun daji ɗan Nijar, Dauda Adamu, da wani ɗan Peace Corps, Don Atkinson-Adams, suka tsara dasa dogon yaro jeri biyu-biyu a tsakanin gonaki don tare iskar da ke kwashe ƙasa, ƙungiyar CARE ta ba da kuɗi, aka fara dashe a 1975. Abin lura a nan shi ne aikin ya ɗore ne saboda akwai ma'aikacin gida da ya san wurin, da manoman da suka ga amfanin a gerorsu. A shekarun 1990 kuma 'yan sa-kai sun shiga yaƙi da kurkunu a yankin Damagaram, suna raba matatar ruwa ta ƙyalle suna ƙirga masu ciwon ƙauye-ƙauye. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar da Najeriya sun rabu da cutar.

Tasiri a kan nazarin Hausa

Wani sakamako da masu shirin ba su yi niyyarsa ba shi ne na harshe. Wanda ya zo koyar da Ingilishi, sau da yawa shi ne ya koma gida da Hausa a baki, kuma biyu daga cikin manyan masanan harsunan Cadi sun fito ne ta wannan hanya.

Paul Newman yana cikin rukunin farko na Peace Corps da ya zo Najeriya a 1961, ya koyar a makarantar sakandare a Maiduguri. Ya yi digirinsa na uku a kan harshen Tera, ya dawo Kano a farkon shekarun 1970 ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero. Shi da Roxana Ma Newman suka jagoranci ƙamusun Hausa zuwa Ingilishi na 1977, a 2000 kuma ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa, wanda da wuya ɗalibin sashen harsuna ya gama digiri bai buɗe shi ba. Hausawa suna kiransa Malam Sabo, daga ma'anar sunansa.

Russell Schuh (1941–2016) ya yi nasa aikin a Nijar daga 1965 zuwa 1967, a shirin yaƙi da jahilci na manya da ke amfani da Hausa da Buzanci. Daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya rubuta ƙamusun Ngizim da nahawun Miya, ya yi aiki a kan Bade da Bolanci a Yobe, ya kuma shirya darussan bidiyo na Hausar Baka tare da Abdullahi Bature. Shi kuma laƙabinsa Malam Takalmi, saboda abin da sunansa ke nufi da Jamusanci.

Suka da muhawara

Tun farko akwai masu ganin shirin wani makami ne na yaƙin cacar baka, duk da cewa dokar Peace Corps ta hana ɗaukar wanda ya taɓa yi wa hukumar CIA aiki. Suka ta biyu ta fi nauyi: yawancin waɗanda aka turo a shekarun farko matasa ne masu digiri da ba su taɓa riƙe alli ba, aka ba su azuzuwan da a ƙasarsu ba za a ba su ba. Shekarar farko takan tafi wajen koyon harshe da sanin wa ake gaisarwa kafin a taɓa komai a gari, ta biyu ana fara gane hanya sai lokacin tafiya ya yi. Famfo ko injin niƙa da aka kawo ba tare da an koya wa kowa gyaransa ba yakan mutu bayan tafiyar mai shi. Masu kare tsarin suna amsawa da cewa wannan hujja ce ta a tsawaita zama, ba a daina ba, domin mai zuwan mako biyu ko gaisuwa bai gama koya ba. Tsofaffin 'yan sa-kai da yawa kan faɗa da bakinsu cewa abin da suka samu ya fi abin da suka bayar, maganar da ɓangarorin biyu kowa ke kafa hujja da ita.

Najeriya a matsayin mai turawa

A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, aka kafa shirin TAC domin a riƙa taimaka wa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik da ƙwararrun mutane maimakon tsabar kuɗi. Ana ɗaukar malaman makaranta da na jami'a, likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi da masana shari'a, su yi shekara biyu. Najeriya ce ke biyan alawus da kuɗin jirgi, ƙasar da ta karɓa kuma ta ba da masauki. Gambiya, Saliyo, Uganda, Jamaika da Fiji suna cikin waɗanda suka amfana. A yau wannan ita ce babbar hanyar hukuma da malami daga Kebbi ko Sakkwato zai bi ya yi irin aikin da Turawa suka zo yi shekaru sittin da suka wuce, kuma tambayar da ake yi a kai ita ce ko ya dace a tura malamai da likitoci waje alhali makarantu da asibitocin karkara a gida suna kukan rashinsu.

Halin da ake ciki a Kebbi da maƙwabta

Rashin tsaro ya kusan kawo ƙarshen zaman baƙo shi kaɗai a ƙauye. A watan Janairu na 2011 aka sace wasu matasa Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai, suka rasa rayukansu, Peace Corps ta kwashe mutanenta kusan 100 daga Nijar. A watan Mayu na wannan shekarar aka sace injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, a Birnin Kebbi, aka kashe su a Sakkwato a watan Maris na 2012 yayin yunƙurin ceto su. Su ba 'yan sa-kai ba ne, amma lamarin ya sa ƙungiyoyin waje suka ƙara ja da baya daga arewa maso yamma. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ya nuna cewa makarantun kansu sun zama abin hari.

Saboda haka giɓin malamai a ƙananan hukumomi irin su Gwandu da Kalgo 'yan ƙasa ne ke cike shi. Akwai masu yi wa ƙasa hidima na NYSC, shirin da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973, waɗanda ke yin makonni uku a sansanin Dakingari kafin a rarraba su, akasari zuwa makarantu, na tsawon shekara guda. Da yawansu daga Kudu suke, ba sa jin Hausa, don haka suna cin karo da matsalar da baƙin 1961 suka fuskanta a gaban ɗaliban da Ingilishinsu bai yi ƙarfi ba, ba tare da sun samu wata ukun koyon harshe ba. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ƙara wasu matasa masu digiri a azuzuwan firamare a kan alawus na naira 30,000 a wata. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake a Kalgo, tana cikin cibiyoyin da ke yaye masu digirin da irin waɗannan shirye-shirye kan ɗauka.