Yadda Masu Zane Suka Shiga Rundunar Sojan Ingila

Sarakunan Turai sun daɗe suna biyan masu zane su zana musu yaƙi, sai dai abin da ake zanawa bai wuce janar bisa doki, takobi zare, tuta na kaɗawa ba. Ƙaramin soja cikon gefe ne kawai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya wannan al'ada a Ingila.

Eric Kennington mai zane ne ɗan Landan da ya shiga soja a 1914 da muƙamin farabiti. Ya ci hunturun farko a ramukan daga na arewacin Faransa, aka sallame shi a 1915 saboda rauni. Da ya koma gida sai ya zana 'yan rukuninsa a wani titi na garin Laventie bayan sun fito daga rami: ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, kowa ya yi jugum, babu mai kallon wani, ɗaya ma ya zube ƙasa don gajiya. Hoton ya ja hankali ƙwarai da aka baje shi a 1916.

A shekarar ce ofishin farfagandar yaƙi, ƙarƙashin Charles Masterman, ya tura Muirhead Bone Faransa, ya zama mai zanen yaƙi na farko da gwamnati ta naɗa. Daga baya aka ɗauko waɗanda suka ɗanɗana dagar da kansu, irin su Kennington da Paul Nash da Nevinson. To, wanda ya kwana a rami ba ya zana abin da ofis ke so. Nevinson ya zana gawar sojojin Ingila biyu cikin taɓo da waya mai ƙaya, hukuma ta hana nunawa. A 1918 ya rataye hoton duk da haka, ya manna masa takarda mai cewa an hana.

A ganina Stanley Spencer ya fi su duka kusantar rayuwar soja. Ya yi hidimar majinyata a wani asibitin soja da ke Bristol, sannan aka tura shi Masedoniya. Daga 1927 zuwa 1932 ya cika bangon wata ƙaramar majami'a a ƙauyen Burghclere da abin da ya tuna: goge daɓe, ware kayan wanki, gyaran gado, cika gorunan ruwa, dafa shayi, aski a gefen gidan sauro. Duk wanda ya zauna a bariki ya san yawancin kwanakin soja a irin waɗannan ayyuka suke ƙarewa, da zaman jiran umarni.

Da yaƙi na biyu ya ɓarke a 1939, ba a tsaya gardama ba. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Kenneth Clark, ya tara zane-zane sama da 5,000. Kaso mai tsoka daga cikinsu yana gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a Landan, wanda aka kafa tun 1917.