Tsohon Gidan Razdan na Kalaba: Shekara 40 yana riƙe da amanar tarihi

Duk wanda ya tashi a Bogobiri, unguwar Hausawa ta birnin Kalaba, ya san tudun nan da ke kallon kogi, ya kuma san benen katakon da ke zaune a kansa. Ina ɗan firamare mahaifina ya riƙe hannuna muka hau tudun, ba a daɗe da buɗe gidan ga jama'a ba. Da muka isa bakin matakala sai ya tsaya ya ce mini, "Yaro, taka a hankali, wannan katakon ya girmi kakanka." Na ce, "Baba, to me ya sa bai ruɓe ba?" Ya ce, "Saboda an sami masu kula da shi." A shekarar 2026 gidan tarihin da ke cikin Tsohon Gidan Razdan yake cika shekara 40 da buɗewa, kuma amsar nan ta mahaifina ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin masu kular sun cancanci a ambace su.

Kafin a zo ga gidan, sai an san garin. Kalaba tashar jiragen ruwa ce tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kogin da take bakinsa yana haɗuwa da na Kuros Riba kafin su faɗa teku, don haka jirgin da ya taso daga Libaful ko Biristol yana iya shigowa har ƙofar gari. Mutanen Efik su ne masu ƙasa, kuma su ne dillalai tsakanin Turawan da ke cikin jirgi da mutanen cikin ƙasa. Garuruwansu irin su Atakpa, wanda Turawa suka sa wa suna Duke Town, da Obio Oko, wanda suka kira Creek Town, sun yi arziki da wannan dillanci. Da farko hajar mutane ce. Dubban bayi aka loda a wannan gaɓa zuwa ƙasashen Amurka da tsibiran Karibiyan. Bayan Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, sai a hankali kasuwa ta koma kan manja, wanda masana'antun Ingila ke buƙata don yin sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Yawan manjan da ke fita ta kogunan yankin ne ya sa Turawa suka yi musu laƙabi da Kogunan Mai.

Inda kuɗi ya taru, can hukuma ke biyo sawu. Tun 1849 Birtaniya ta naɗa ƙaramin jakada mai lura da wannan gaɓa, amma mazauninsa na tsibirin Fanando Fo ne, sai ya riƙa zuwa da jirgi yana komawa. Shekarar 1884 ta sauya komai. A watan Yuli Jamusawa suka riga jakadan Ingila, Edward Hewett, sa hannu da sarakunan Duwala, Kamaru ta kuɓuce masa. Sai ya bazama yana ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan kogunan, har a ranar 10 ga Satumba ya ƙulla da sarakuna da hakiman Tsohuwar Kalaba. A wannan shekarar ce aka kafa benen da muke magana a kansa. Ba a Kalaba aka sassaƙa shi ba. A Birtaniya aka yanka katakonsa aka auna, aka lodo shi gunduwa-gunduwa cikin jirgin ruwa, kafintoci suka harhaɗa shi a kan tudu, inda iskar kogi ke kaɗawa kuma ana hango kowane jirgi da ya shigo.

Daga wannan bene aka mulki ƙasa mai faɗi. Shi ne fadar gwamnatin Kogunan Mai, sannan daga 1893 ta Gaɓar Neja, sannan daga 1900 ta Kudancin Najeriya. Claude MacDonald ya zauna a ciki, Ralph Moor ya gaje shi. A zamanin Moor aka kai wa Benin yaƙi a 1897, aka kwashe tagullolinta, aka kawo Oba Ovonramwen Kalaba gudun hijirar dole, ya zauna har rasuwarsa a 1914. A nan ne tarihin gidan ya taɓo mu kai tsaye, domin rundunar da gwamnatin Gaɓar Neja ta dogara da ita cike take da sojoji Hausawa. Ba labari ne mai daɗin ji ba, amma namu ne, kuma wanda ya ƙi sanin inda kakanninsa suka taka ba zai gane yadda maƙwabtansa ke kallonsa ba. A 1906 aka haɗa Kudancin Najeriya da Legas, fadar mulki ta koma can. Benen ya sauka daga matsayin fadar ƙasa ya zama gidan Razdan na lardi, sunan da ya bi shi har yau.

Shekarun da suka biyo baya na lallaɓawa ne. Gidan ya yi hidimomin gwamnati iri-iri, jiragen ruwa suka fi karkata Legas da Fatakwal, Kalaba ta yi shiru. Abin da ya cece shi shi ne wani sabon tunani da ya fara tsiro a ƙasar, cewa tsofaffin abubuwa dukiya ce. Kenneth Murray, malamin zane da ya zo Najeriya a 1927, shi aka ɗora wa aikin kula da kayan tarihi a 1943. Shi da Bernard Fagg, wanda ya fito da sunan Nok duniya ta sani, suka kafa harsashi: gidan tarihi na Jos a 1952, dokar kare kayan tarihi a 1953, gidan tarihi na Legas a 1957. A ƙarƙashin wannan doka aka ayyana Tsohon Gidan Razdan a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1959, saura shekara guda a sami 'yancin kai. Hikimar da ke cikin wannan mataki tana da girma. A lokacin da zukata ke ɗokin kawar da duk wata alama ta Turawan mulki, an sami masu hangen da suka ce a bar wannan ya tsaya, zai yi shaida.

Yaƙin basasa ya ratsa Kalaba a 1967, ya wuce ya bar benen a tsaye. Garin ya zama babban birnin Jihar Kudu maso Gabas, wadda aka sauya wa suna zuwa Kuros Riba a 1976, kuma sabuwar jiha na da buƙatun da suka fi gyaran tsohon katako gaggawa: makarantu, asibitoci, hanyoyi. Ba wanda zai zarge su. Gidan ya jira lokacinsa.

Lokacin ya zo tare da mutuminsa. Ekpo Eyo ɗan Creek Town ne, an haife shi a 1931, jinin Efik ne gaba da baya. Ya shiga sashen kayan tarihi yana saurayi, ya yi karatu a Ingila, ya dawo ya yi tonon bincike a Ife da Owo. A 1968 ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci sashen, sannan da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 shi ne babban daraktanta na farko. Shi ne ya ɗauki kayan Nok da Igbo-Ukwu da Ife da Benin ya zaga da su manyan biranen Amurka da Turai tun daga 1980, har masu cewa Afirka ba ta da tarihi suka yi tsit. Mutumin da ya nuna wa duniya fuskar Najeriya ba zai bar garinsu ba madubi ba. A zamanin shugabancinsa aka gyara benen, aka tattaro takardu da hotuna da kayayyaki, aka tsara su daki-daki, aka buɗe gidan tarihin a 1986, shekarar da ya ajiye aiki. Hukumar ta kuma buga littafin jagora mai ba da labarin Tsohuwar Kalaba domin masu ziyara.

Wannan shi ne zamanin da nake alfahari da shi, kuma dalilin alfaharin yana cikin irin gidan da suka zaɓi su kafa. Yawancin gidajen tarihinmu na sassaƙe-sassaƙe ne da tukwane da kayan sarauta. Na Kalaba gidan labari ne. Mai ziyara yana shiga ta zamanin cinikin bayi, ya bi ta kasuwar manja, ya ga zuwan 'yan mishan, ya ratsa mulkin mallaka, ya fito a 'yancin kai, kamar mai karanta littafi da ƙafafunsa. Yana ganin kuɗin da aka yi ciniki da su kafin sulalla, wato mundaye da sandunan tagulla, sai ya tuna da wurin da kakanninmu suka ƙirga a Kasuwar Kurmi. Yana ganin kujeru da teburan da masu mulki suka zauna a kai. Yana leƙawa ta baranda ya ga kogin da duk wannan ya faru a kansa. Ɗakin da aka yanke wa mutanen ƙasa hukunci ba tare da shawararsu ba, yau jikokinsu ne ke tsaye a ciki suna ba da labarin da bakinsu. Wannan juyin shi ne babban aikin da Ekpo Eyo da abokan aikinsa suka yi.

Labarin kuwa yana da daɗin bi, domin mutanen Efik ba 'yan kallo ba ne a cikinsa. Suna da ƙungiyar Ekpe, wato damisa, wadda ita ce majalisa da kotu da mai karɓo bashi. Suna da alamomin rubutu na nsibidi. Wani attajirinsu, Antera Duke, ya rubuta abubuwan da ke faruwa a garinsu rana-rana tsakanin 1785 da 1788 da Turancin kasuwa, rubutun da masana ke dogaro da shi har yanzu. Sarakunansu, Eyamba na Biyar da Eyo Honesty na Biyu, su suka karɓi ɗan mishan Hope Waddell da tawagarsa a 1846, don suna son 'ya'yansu su iya karatu da lissafi. Makarantar da aka sa wa sunansa a 1895 ta koyar da manyan mutane, ciki har da Nnamdi Azikiwe. 'Yar mishan Mary Slessor ta iso a 1876, ta yi fama wajen hana kashe tagwaye, ta rasu a 1915 aka binne ta a Kalaba. Mu da muke yi wa Hassan da Hussaini kirari, wannan babin yana sa mu gode wa Allah, ya kuma sa mu girmama al'ummar da ta iya barin al'adar da ta gane cutarwarta, har ta rubuta hakan a bangon gidan tarihinta ba tare da ɓoyewa ba.

Aikin bai tsaya a 1986 ba. Bayan Ekpo Eyo ya koma koyarwa a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya riƙa dawowa yana tono a cikin Kalaba tare da ma'aikatan gidan da ɗalibansa. Sun fito da tukwane da siffofin yumɓu masu zane, wasunsu sun haura shekara 1,000, abin da ya tabbatar da cewa akwai mutane da fasaha a wannan gaɓa tun kafin jirgin Bature na farko ya sauke anga. Ya rasu a 2011, ya bar gidan da ya fi wanda ya tarar zurfin tarihi.

Gaskiya ne an sha shekarun ƙunci. Gidan ya buɗe ne daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, kuma katako a garin da ruwan samansa ya kusan kai milimita 3,000 a shekara, ninki uku na abin da Kano ke samu, kullum yana cikin yaƙi da laima da gara. Takarda ma haka. Amma ma'aikatan sun riƙe amana da ɗan abin da ke hannunsu, kuma da na koma a 'yan shekarun nan na tarar da matakalar nan tana amsa ƙafata da irin ƙarar da na sani ina yaro, yara 'yan makaranta kuma sun yi layi a tsakar gida.

Wanda ke ganin tsohuwar takarda ba ta da amfani, ya tuna da Bakasi. Lokacin da Najeriya da Kamaru suka tsaya gaban Kotun Duniya, yarjejeniyar nan ta 10 ga Satumba 1884 na cikin hujjojin da aka yi ta muhawara a kansu, kuma yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ce ta rinjayi hukuncin 2002. Rubutun da aka yi a zamanin wannan bene shi ya yanke wa dubban masunta ƙasar da za su kira tasu. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wanda bai adana tasa ba sai ya sha ta wani.

Mu 'yan Arewa mun san ciwon sakaci. Zungeru, inda Lugga ya yi fadar mulkin Arewa, kango ne ya rage a mafi yawanta. Mun kuma san daɗin kulawa, domin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna nan suna karɓar baƙi. Tsohon Gidan Razdan ɗan'uwansu ne, hukumar ƙasa ce ke riƙe da shi kamar Gidan Makama, kuma kuɗin talakan Sakkwato da na Kalaba ne ke biyan ma'aikatansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ta ware masa kuɗin gyara a kowace shekara, ba sai rufi ya fara yoyo ba. A ɗauki hoton takardunsa a adana a kwamfuta kafin laima ta cinye tawada. Attajiranmu na Bogobiri, waɗanda Kalaba ta ba su masauki da kasuwa tun kaka da kakanni, su sa hannu. Ɗan bautar ƙasa da aka tura Kuros Riba, da direban da ya sauke albasa yana jiran lodi, su ware sa'a biyu su hau tudun.

Ni dai na riga na kai nawa ɗan. Da muka isa bakin matakala na ji bakina yana faɗa masa abin da aka faɗa mini, ya ɗaga kai ya yi mini tambayar da na yi. Na ba shi amsar kakansa, na ƙara masa da cewa yanzu kular ta zo kanmu.